Mutum ɗaya, fayil huɗu

  

Wasiƙar wannan karon babban ɗan Yaya ne ya jawo ta, wanda yake karatun kwamfuta. Ya rubuto min cewa malaminsu ya ba su jerin illolin tsohuwar hanyar ajiye bayanai fayil-fayil, wato yadda ake yi kafin a samu rumbun bayanai. Ya haddace su tsaf saboda jarrabawa, amma bai gane inda suka dosa ba tunda bai riski zamanin ba. Na ce to bari in amsa masa a nan kowa ya ji, Kawu ma ya samu amsar tambayar da yake min duk sanda muka yi waya: wai kai ainihin aikin me kake yi a ofishin nan? Domin kuwa a nan abincina yake. Tsofaffin fayiloli nake kwasowa, in tsefe su, in zuba su a rumbu ɗaya.

Inda nake aiki wata ƙungiya ce a arewacin Ingila mai ba wa masu ƙaramin ƙarfi hayar gidaje. Da na fara aiki na tarar masu karɓar kuɗin haya suna da fayil ɗinsu, masu gyaran famfo da wuta suna da nasu, masu kula da tsofaffi suna da nasu, sannan akwai na huɗu da ake buga wasiƙu daga cikinsa. Ɗan haya ɗaya, an rubuta sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa sau huɗu, mutum huɗu ne suka rubuta, a ranaku daban-daban.

Abin da wannan yake haifarwa na gan shi a kan wata tsohuwa. Mijinta ya rasu, ta tako da ƙafarta ta sanar, ta kawo takardar shaidar mutuwa. Matar da ke sashen kuɗin haya ta karɓa, ta yi mata ta'aziyya, ta mayar da gidan sunanta. Aikinta ta yi, kuma ta yi shi daidai. Amma sauran fayilolin uku ba su ji labarin rasuwar ba. Sai ga shi duk sanda lokacin duba tukunyar ɗumama gida ya zagayo, takarda ta iso da sunan mamacin, ana gaishe shi, ana roƙonsa ya zauna a gida ranar kaza ma'aikaci zai zo. Ta yi waya, a ba ta haƙuri, a gyara a wuri ɗaya, bayan wata biyu wata takardar ta fito daga ɗaya wurin. Kafin maganar ta iso teburina ta riga ta daina buɗe wasiƙunmu gaba ɗaya, har da wadda ke sanar da ita wani tallafin haya da ta cancanta. Ba wanda ya nufe ta da mugunta, ba ma wanda za ka nuna ka ce sakacinsa ne. A fayil ɗaya mijinta ya rasu, a uku yana nan da ransa.

To ɗana, illa biyu na farko a jerin malaminku ke nan: maimaita bayani a wurare da yawa, da saɓanin da maimaitawar take jawowa. Littattafanku sun fi kuka da ɓarnar wurin ajiya. Wannan a yau ba wani abu ba ne, faifai ya yi araha. Saɓanin shi ne ciwon, domin da zarar kwafi biyu sun bambanta, ba abin da ke cikinsu da zai gaya maka wanne ne mai gaskiya.

Sai dai kada ka ɗauka waɗanda suka gina abin haka ba su da tunani. Injin da ke hannunsu ne ya tilasta musu. Tun a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 aka yi amfani da katin Herman Hollerith mai huje-huje, a 1928 kuma kamfanin IBM ya fito da katinsa mai gida 80, wanda ya zama ma'auni na shekaru da yawa. Kati ɗaya, harafi 80, nan za ka cusa duk abin da ka sani game da mutum. Kwamfuta ta farko da ta riƙa yin aikin kasuwanci na yau da kullum a ƙasar nan aka yi ta, kuma ba banki ne ya gina ta ba, kamfanin J. Lyons ne, masu gidajen shayi da burodi. Ka ji fa, masu shayi. Sunanta LEO, ta fara lissafin kayan gidajen burodinsu a 1951, a 1954 ta kama lissafin albashin ma'aikata. A 1951 ɗin nan ne kuma UNIVAC ta isa hukumar ƙidaya ta Amurka, tana ajiye bayananta a tef.

Tef ɗin nan shi ne tushen maganar. Waɗanda suka yi zamani da kaset a cikinku sun san in kana neman waƙa ta biyar sai ka bi ta kan huɗun farko. Haka tef ɗin kwamfuta yake, sai dai shi faɗinsa rabin inci ne, tsawon wanda aka fi amfani da shi ƙafa 2,400, a naɗe a kan ƙaton gare. In bayanin Malam wane yana can ƙarshe, ba yadda za ka yi ka dira a kansa. Saboda haka ba a taɓa babban fayil da rana. Duk wanda ya biya kuɗi ko ya sauya adireshi, sai a tara sauye-sauyen wuni guda, a jera su bisa lamba kamar yadda babban fayil yake jere. Da dare a ɗora tef biyu, tsohon babban fayil da na sauye-sauye, injin ya riƙa karanta su kafaɗa da kafaɗa yana rubuta sabo a tef na uku. Tsohon ba a goge shi, ana ajiye shi da wanda ya gabace shi saboda tsaro, su kansu Turawan kaka, uba da ɗa suke kiransu. In ɗa ya lalace, a koma kan uba a sake haifo shi. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma ma'anarta ita ce duk abin da ma'aikaci ya gaya maka da azahar, labarin daren jiya yake ba ka.

Ga kuma inda maimaitawa ta samo asali. Masu kuɗin haya suna son bayanansu a jere bisa lambar ɗan haya. Masu gyara suna son nasu bisa unguwa da layi, tunda gida suke zuwa, ba lamba ba. Tef ɗaya ba zai jeru iri biyu ba. Mafita mafi sauƙi ita ce kowane sashe ya yi nasa kwafin, ya jera yadda yake so, ya sa a rubuta masa manhajarsa. Kowa tasa ta fisshe shi. Tef ya wuce, amma rabon gadon da aka yi a zamaninsa ya zauna, har ya iso kan tsohuwar nan.

Illar da ɗalibai suka fi kasa ganewa ita ce wadda ake cewa bayani ya dogara da manhaja. In ka buɗe irin wannan fayil ɗin ba za ka ga kan magana ba, ba za ka ga inda aka rubuta nan suna ne, nan kwanan wata ne. Haruffa da lambobi ne kawai manne da juna kamar jerin tururuwa. Bayanin cewa gida na 1 zuwa na 6 lamba ce, na 7 zuwa na 31 suna ne, na 32 zuwa na 37 ranar haihuwa ce, yana cikin manhajar da ke karanta fayil ɗin, galibi da harshen COBOL aka rubuta ta, wanda aka tsara a 1959. In manhaja goma ce ke karanta fayil ɗin, to an rubuta wannan tsarin sau goma. Ranar da aka ga gida 25 ya yi wa sunaye kaɗan (irin namu masu tsawo yanke musu wutsiya ake yi), aka ce a mayar da shi 40, duk abin da ke bayan suna ya matsa da gida 15. Sai an bi manhajojin nan goma an gyara, an sake rubuta fayil ɗin kansa. In aka manta da ɗaya, ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ɗebi ƙarshen sunan mutum ta karanta shi a matsayin ranar haihuwarsa.

Kawu zai tuna zamanin fam da sule da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, kafin naira ta zo a farkon 1973. Nan Birtaniya ranar 15 ga Fabrairu 1971 suka bar wannan lissafin. Kafin ranar, kuɗi gida uku yake ci a fayil, kuma kowace manhaja da ke taɓa kuɗi tana ɗauke da nata lissafin sha biyu da ashirin. Bankuna da kamfanoni sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tashin hankalin shekarar 2000 ma ɗan gidan nan ne: don a tsimi gida biyu a cikin 80 aka riƙa rubuta 68 maimakon 1968, zancen ya bazu cikin dubban manhajoji, bayan shekara talatin aka koma ana neman tsofaffin masu COBOL ruwa a jallo.

Ni ma na ci karo da ɗan'uwan wannan. A fayil ɗin masu kula da tsofaffi akwai wani gida mai harafi ɗaya tak, wasu an sa musu K, wasu N, yawanci ba komai. Ba wanda ya san ma'anarsa a ofis ɗin, wanda ya rubuta manhajar ya yi ritaya da daɗewa. Wani ya ce a watsar da shi kawai. Muka dai bi sawu har muka samo wata tsohuwar ma'aikaciya, ta ce K na nufin ofis yana riƙe da mukullin gidan, N kuma mukullin yana wajen maƙwabci. Wato in tsoho ya faɗi a banɗaki cikin dare, wannan harafin ne zai nuna ko sai an ɓalla ƙofa. Shekara da shekaru wannan ilimin ba a rubuce yake ba, a kan mutum biyu ko uku yake zaune.

Amma in za a tambaye ni wacce illa ce ta fi kowacce, zan ce wadda ba a gani: tambayar da ba a yi tanadinta ba, ba ta da amsa. A ce shugaba yana son sanin tsofaffi nawa ne da suka haura 70, suke zaune su kaɗai, a gidajen da aka kawo ƙarar danshi a hunturun da ya wuce. Shekaru suna fayil ɗaya, ƙarar danshi tana wani, ɗaya da lamba yake gane mutum, ɗaya da adireshi, adireshin ma kowa da yadda ya rubuta shi. Sai an sa mai rubuta manhaja ya zauna ya yi sabuwa don wannan tambayar kaɗai, ya shiga layi bayan sauran ayyuka, kafin amsa ta fito bazara ta shigo. Shugaban da aka yi wa haka sau biyu, a karo na uku ba zai tambaya ba. Bayanin yana cikin ginin, an biya kuɗin tara shi, amma tsofaffin nan za su sake yin hunturu cikin danshi.

Sauran illolin bari in bi ta kansu da sauri, ba su da wuyar fahimta. Ma'aikata biyu su buɗe bayani ɗaya lokaci ɗaya, kowa ya yi gyaransa, wanda ya ajiye daga baya ya shafe na farko ba tare da ya sani ba. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, an cire kuɗi daga wannan fayil ba a kai ga zuba su a wancan ba. Dokoki irin su kada kwanan wata ya zo babu shekara, kowace manhaja sai ta tsare su da kanta, wata ta tsare wata ta bari. Sannan tsaro: ko ka ba mutum fayil gaba ɗaya ko ka hana shi gaba ɗaya, yaron da aikinsa duba adireshi ne sai ya ga bashin kowa.

Ƙofar fita ta fara buɗewa a 1956 da IBM ta fito da RAMAC, injin farko mai ajiya a faifai. Faifai 50 ne, kowanne faɗin inci 24, dukansu suna ɗaukar harafi kusan miliyan 5, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar da ke hannunka. Ƙanƙantarsa ba ita ce abin dubawa ba, abin dubawa shi ne yanzu ana iya dira kan bayanin da ake so kai tsaye. A farkon shekarun 1960 Charles Bachman a kamfanin General Electric ya gina IDS, a 1968 kuma IMS ta IBM ta fara aiki, an yi ta ne don bin sawun kayayyakin haɗa kumbon Apollo. Waɗannan sun tara bayani wuri ɗaya, sai dai har a lokacin mai rubuta manhaja sai ya san hanyar da zai bi daga wannan bayani zuwa wancan.

Wanda ya warware ƙullin Bature ne ɗan ƙasar nan, Edgar Codd, masanin lissafi da ke aiki da IBM a Kalifoniya. A 1970 ya wallafa takardar da ta kawo tsarin da yawancin rumbunan bayanai suke kai har yau. Maganarsa in aka sauƙaƙa ta: a zuba komai a jadawali, kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya a wuri ɗaya, a ba kowane abu lambar da ba ya tarayya da kowa a kanta, sauran jadawali su riƙa nuni da lambar maimakon su kwafi sunan. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, yadda za a nemo shi aikin injin ne. Tsarin bayanin kuma ya fita daga cikin manhajoji ya koma cikin rumbun, ta yadda in aka faɗaɗa gidan suna ba sai an tashi kowa daga barci ba. Harshen SQL daga ɗakin binciken IBM ya fito a shekarun 1970, Oracle kuma ta shiga kasuwa a 1979. A rumbun da muka gina, mijin tsohuwar nan layi ɗaya gare shi. Aka sa ranar rasuwa a wannan layin, haya da gyara da wasiƙu duk sun gani a take.

Kada ka ce wannan duk tarihi ne. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta wancan lokacin tana karɓar sakamakon gwaji daga ɗakunan gwaje-gwaje fayil-fayil, tana zuba su a Excel kafin su wuce gaba. Tsohon samfurin Excel aka yi amfani da shi, mai ɗaukar layi 65,536 kawai, alhali sabon da ya fito tun 2007 yana ɗaukar sama da miliyan ɗaya. Da fayil ya cika, abin da ya biyo baya sai ya zube, ba ƙara ba gargaɗi. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar ba su shiga lissafi ba. Su an sanar da su sakamakonsu, amma neman waɗanda suka yi cuɗanya da su ya yi jinkiri na kwanaki, a cutar da kwana ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne. Wannan shekara hamsin cif bayan takardar Codd.

Ku da ke gida ma kun san ɗanɗanon abin ta wata fuskar. Mutum ɗaya, a takardar firamare Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a banki Muhammad, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Da BVN ta zo a 2014, daga baya kuma a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, sai duk saɓanin da ya kwanta shekaru ya farka lokaci ɗaya, aka cika kotuna ana rantsuwar gyaran suna. A nan kowace hukuma rumbun zamani gare ta, ba tef ba, amma tunda kowacce ita ta ɗauki sunanka da kanta, ciwon tsohuwar nan ne ya dawo da babbar riga. Sayen manhaja mai tsada ba ya maganinsa in ba a zauna an yarda wane wuri ne uban sauran ba, kuma wannan zaman ya fi rubuta manhaja wuya, domin ba sashen da ke son a ce nasa ne zai bi na wani. Rabin aikina a nan zaman sulhu ne tsakanin masu haya da masu gyara.

Yaya, wannan ya kawo ni kan makarantarka. Da na zo hutu na ga kuɗin makaranta yana Excel ɗaya a kwamfutar akawu, sakamakon jarrabawa yana wani a wajen mataimakinka, lambobin iyaye kuma suna wayar Malama. Na kuma ga fayil uku masu suna na ƙarshe, na ƙarshe gyararre, da na ƙarshe sabo. Ɗalibai 300 ba sa buƙatar Oracle. Abin da nake ba da shawara kafin sabon zango shi ne a ba kowane yaro lamba tun ranar da ya shigo, wadda ba za ta sauya ba ko ya sauya aji, ba kuma za a ba wani ita ba ko ya bar makarantar. A yi jeri ɗaya tak mai sunan yaro yadda yake a takardar haihuwarsa, da ranar haihuwa, da lambar mahaifi, mutum ɗaya ne kuma zai riƙa gyara shi. Na kuɗi da na jarrabawa su ɗauki lambar yaron, su bar sake rubuta suna. Duk ranar Juma'a a kwafi komai a ajiye a wani wuri da ba ofis ba, a bar na makonni uku baya, kaka da uba da ɗa. Ɗanka zai iya yin wannan a hutun nan, in ya gama ya turo min in duba, daga nan sai mu ga ko lokacin ƙaramin rumbu ya yi.

A gaida Inna da Gwaggo da jiki, a gaida amarya da yara. Maganin ciwon gwiwar Kawu yana wajen mai tahowa ƙarshen wata, a sa wani ya karɓo a Kano.

Naku a kullum, daga Ingila.